Liyarin Kaka: kowane baƙi ne dauɗa?

Ƴan uwana ɗalibai, maganar da na kawo muku a wannan karo ta gwangwani guda ce mai tsofaffin kuɗi a ciki, da wani aikin garaje da na yi da toka da lemun tsami. Tun ranar da na yi shi wata tambaya ta hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in baje ta a gabanku mu duba tare: in mutum ya gaji abu ya tarar da shi baƙi, yana da ikon goge shi har ya yi ƙyalli, ko kuwa akwai baƙin da ya kamata a bari?

Bara, bayan sadakar arba'in ta kakata ta wajen uba, aka buɗe adakarta a gidanmu na Maraɗi, gaban ƴaƴanta uku: babana, da Baffa, da Gwaggo. Ƙarƙashin zannuwa aka tarar da wani gwangwanin shayi da murfinsa ya yi tsatsa. Da aka juye shi a tabarma, sai ga wuri kamar cikin tafi guda, ga kwabo mai huji da anini na zamanin Ingilishi a ƙetaren iyaka, ga sule biyu masu kan sarki, ga tamma ta sanholo mai kan barewa da aka buga a 1948. Sannan ga manyan liyari uku na azurfa. Biyu an liƙa musu kunne don ratayawa a wuya. Na ukun ba shi da kunne, shi kaɗai aka naɗe cikin wani ƙyallen baƙin saƙi, kuma ya yi baƙi ƙirin har hoton jikinsa da ƙyar ake gani.

Da yake ni ne ɗan jami'ar gidan, sai aka miƙo mini gwangwanin aka ce in karanta rubutun, in kuma binciko nawa za su yi a kasuwa. Na duba biyun masu kunne: gefe guda kan wata mace mai jiki, ɗaya gefen gaggafa mai kai biyu, ga kuma shekara an rubuta, 1780. Nan take gida ya ɗauka. Ɗan Baffa ya ciro salula ya yi lissafi, ya ce shekara ɗari biyu da arba'in da ɗoriya ke nan, lalle mun yi arziki, shi dai moto yake so. Ni ma, kar in yi muku ƙarya, zuciyata ta tafi ga kwamfutar da na daɗe ina mafarki.

Daren nan na kasa barci. Na ce a raina wannan baƙin ai shi zai ɓata mana ciniki, wa zai sayi abu da dauɗa haka? Na ɗebo toka a murhu, na yanka lemun tsami, na sami soso, na zauna bayan ɗaki da fitilar salula na yi ta dirza. Kafin a kira assalatu liyarin ya koma fari fat, ya fi sauran biyun haske nesa ba kusa ba. Na kwanta ina jin na yi aikin kirki.

Washegari na kai su wurin wani tsohon maƙerin farfaru a kasuwa. Ya jujjuya biyun, ya buga su a maƙera ya saurari ƙararsu, ya ajiye. Da ya ɗauki na ukun sai ya ɗaga kai ya dube ni.

“Wa ya yi ma wanga aika-aika?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

“Da mi?”

“Toka da lemun tsami.”

Ya karkata shi ga hasken rana ya ce in duba. Sai na ga fuskar matar duk ta cika da ƙananan zane-zane kamar an ja ta a rairayi. Ya ce, “Ɗana, ni azurfa nike saye, in narke in yi zobe da awarwaro. Wurina baƙi da fari duk ɗaya ne, sikeli ka magana. Amma masu tara irin waɗanga kuɗi, in sunka ga an goge, rage kuɗi sukai, wani ma ba ya saye. Abin da ka kankare ba dauɗa ba ce, fatar kuɗin ce.” Ya ɗora su a sikeli, ya faɗi farashi. Duka ukun ba su sayen ko tsohuwar moto.

Da na koma Yamai na bi diddigi, sai na gane dalili. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, kuma 1780 shekarar rasuwarta ce. Ƴan kasuwar Larabawa da na Afirka sun amince da wannan kuɗi ƙwarai, ba su yarda a canza masa komi ba, don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya har bayan ya daina aiki a ƙasarsa a 1858. An buga shi a Biyana, daga baya har a Landan, Paris, Roma da Bombai, fiye da guda miliyan 300. Wato liyari mai 1780 yana iya zama na 1890 ko na 1940. Nauyinsa giram 28 ne, kashi 833 cikin 1000 azurfa, sauran jan ƙarfe, abin da ya ba da azurfa tsantsa wajen giram 23. Yawancinsu kuɗinsu bai wuce na azurfar jikinsu da yawa ba. Sai na sauke ajiyar zuciya. Tunda abin ba mai tsada ba ne can, ɓarnar da na yi ƴar kaɗan ce. Haka na ɗauka har hutu ya zo.

Da na koma gida hutu, ina ba Gwaggo labarin maƙerin ina dariya, sai ta tsare ni da ido.

“Wanne ka goge?”

“Wanda ke cikin ƙyalle, Gwaggo.”

Ta yi shiru har na tsargu. Can ta ce, “Kai ɗan nan. Biyun nan masu kunne da su anka kai Inna ɗakin miji, ta sha rataya su ranar salla da biki. Wancan kuwa ba ta taɓa sa shi a jikinta ba. Cewa take kuɗin mutum ne.”

Ga labarin yadda Gwaggo ta ji shi daga bakin Kaka. Kakan Kaka bafatake ne. A wata tafiya wani ya biya shi bashi da yarinya, shi kuma da ya isa kasuwa ta gaba ya sayar da ita, aka biya shi da liyari. Duk an kashe su, saura guda. Ba wanda ya riƙe sunan yarinyar ko garinsu. Matar gidan ce ta ɓoye gudan, ta ba ɗiyarta, ita kuma ta ba Kaka, da sharaɗi: kar a ci da shi, kar a yi ado da shi, kar kuma a yar. Ko lokacin ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi har mutane suka hau tudu, an fito da shi cikin ɗan abin da aka tsira da shi.

Ni kuwa tun ina yaro kirarin wannan kaka nake ji: mai jakuna, mai kai turkuɗi da ƙiraga Kano da Agadas, wanda baƙo ba ya kwana da yunwa a zaurensa. Ban taɓa jin zancen yarinya ba. Abin da ya ƙara sosa mini rai, a bakin liyarin, wato kaurinsa, akwai rubutun Latin da na fassara wa mutanen gida ina taƙama ranar da aka buɗe adaka. Ma'anarsa: adalci da sassauci.

To, yanzu mu dawo ga tambaya. Baffa ya ce ni ina wahalar da kaina ne a banza. Tsabta cikon addini ce, in ji shi. Kwano in ya yi dauɗa wankewa ake, riga ma haka, to mi ya raba kuɗi da su? Kuma ta wata fuska yana da gaskiya. Baƙin azurfa ba asiri ba ne. Akwai ɗan burbushin farar wuta a cikin iska, da hayaƙi, da gumi, da wasu tufafi. Shi ne ke haɗuwa da fuskar azurfa, ta fara yin rawaya-rawaya, ta koma ruwan ƙasa, daga ƙarshe ta yi baƙi. Ba ruwan farar wuta da zunubin kowa.

Amma ku dubi abin da kyau. A gwangwanin nan akwai kwabo guda da wani koren gari ya fito masa, in ka taɓa sai ya maƙale a yatsa, ƙarƙashinsa kuwa rami ne. Wannan ciwo ne, yana cin ƙarfen, in an bar shi cikin laima sai ya ci gaba. Irinsa dole a raba shi da sauran, a busar da shi, a nemi wanda ya san aikin. Baƙin liyari kuwa siririn lulluɓi ne da ya kwanta ya zauna, kuma da azurfar kanta aka yi shi, shi ya sa duk wanda ya dirje shi ya tafi da wani abu na jikin kuɗin. Ido yana ganin su duka a matsayin dauɗa, alhali ɗaya ɓarna ce da ke gudana, ɗaya kuwa alama ce ta abin da ya wuce.

Alamar mi? Nan ne maganar take. Liyari biyu masu kunne suna da haske a wuraren da suka ɗago, kumatu da kafaɗa, domin sun shekara da shekaru suna gogar zane da fata. Na ukun ya yi baƙi ne don mata uku, ɗaya bayan ɗaya, sun ƙi taɓa shi. Ba su iya boko ba, ba su bar takarda ba. Hanyar da suka samu ta cewa “wannan ba kamar sauran ba ne” ita ce su naɗe shi su bar shi ya yi duhu. Duk wanda ya juye gwangwanin zai ga bambanci, in yana da hankali ya tambaya. Ni na ga bambancin, maimakon in tambaya sai na ɗauko soso. Yanzu wanda ya fi muni a labari shi ya fi kyau a ido, har ɗan Baffa yana cewa shi za a fara kai wa mai saye.

Ga kuma wani laifin da sai daga baya na lura da shi. Ni jika ne, ubana yana raye, ba ni da ko anini a gadon nan. Amana aka ba ni in karanta in tambayo farashi. Na sa hannu na canza dukiyar magada kafin a raba, ba da izinin kowa ba, don kawai na ɗauka na fi su sani. Wannan cuta ce da ke kama mu ƴan makaranta da yawa: mu koma gida da ɗan abin da muka ji a amfi, mu fara gyara abin da ba mu tsaya muka fahimta ba.

Karatun harshe da nake yi ya kamata a ce ya hana ni wannan kuskure, don kullum abin da ake nuna mana ke nan a kan kalmomi. Ku ɗauki “dala” da muke faɗa safe da yamma, dala biyar, dala ashirin, dala ɗari. Asalinta wani kwari ne mai ma'adinin azurfa da ake kira Joachimsthal, a ƙasar Cek ta yau, inda aka fara buga wasu manyan kuɗi wajen 1520. Aka gajarta sunan ya koma “taler” a Jamusanci, daga nan dalar Amurka ta samo suna, daga nan tamu ma. Wolof na Senegal suna kiran sefa biyar ɗin nan “dërëm”, daga dirhamin Larabawa. “Kuɗi” jam'in “wuri” ne. “Jikka” jakar da ake zuba kuɗi ce. “Kwabo” da “sule” daga bakin Ingilishi muka karɓo. Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa Tasawa zuwa Kano a 1851, ya rubuta cewa a Kano wuri 2500 ke sayen liyari guda. Wurin ya tafi, liyarin ya tafi, amma duk wanda ya ce “jikka biyu da dala goma” yana ɗauke da sawun ayari da na mulkin mallaka a bakinsa bai sani ba. In wani ya tashi wai zai wanke Hausa daga kalmomin aro, da mi zai yi ciniki a kasuwar Maraɗi?

Harshen nan kuma bai ɓoye ɗayan sawun ba. Bawa, kuyanga, ƙwarƙwara, wahaya: duk suna nan. Har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure sai an bincika “asali”, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Kar wani ya ce mini tsohon zance ne. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankinmu a 1905, amma sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bautar da mutum babban laifi mai hukunci. A watan Oktoban 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta ba Hadijatou Mani gaskiya, matar da aka sayar tana ƴar shekara 12, a 1996, kan sefa 240.000. Wasu cikinmu yayyensu sun girmi wannan ciniki. Kuɗin mutum bai tsaya ga liyari ba, har da sefar da ke aljihunmu an biya shi.

Abokina da muke ɗaki guda ya kawo mini suka ta biyu, kuma ta fi ta Baffa ƙarfi. Ya ce, “Kai ka sayar da yarinyar? Ba wanda ake kamawa da laifin kakansa. Ajiye kuɗin nan kana kallo kana jin zafi, wa ya amfana? A sayar a yi sadaka, a huta.” Na yarda da rabin maganarsa. Laifi ba a gadonsa, kowa da kayansa. Sai dai mu ba mu ƙi gadon kirari ba. In maroƙi ya wasa kakanmu a wurin biki, kanmu kumbura yake, har mu yi kari. Gidan da muka tashi a ciki, da sunan da ake ganin girmanmu da shi, daga fataucin nan suka fito. Wanda ya karɓi yabon da bai yi aikinsa ba, bai kamata ya ce ba ruwansa da sauran labarin ba. Ba a ce ya ɗauki zunubi ba. An ce kar ya yi ƙarya, kar kuma ya raina wanda kakarsa ce aka sayar.

Sadaka kuwa abu ne mai kyau, amma a duba niyya. In don yarinyar za a yi, da duk wanda aka zalunta irinta, madalla. In kuwa don a rabu da abin da ke tuna mana ne, a narke shi ya koma zobe a yatsar wata amarya, to wannan ma toka da lemun tsami ne, sai dai an sa musu suna mai daɗi.

Akwai suka ta uku da ni na yi wa kaina. Duk wannan ba zancen mai ƙoshi ba ne? Gidan da ba hatsi, ko mai maras lafiya a kwance, za a ce masa ya ajiye azurfa don tarihi? A'a. Kuɗi don kashewa aka buga shi, wanda buƙata ta kama ya sayar ba abin kunya. Dokar masu tara kuɗi ta “kar a goge” ma ai don farashi suka kafa ta, ba don tausayin kakannin kowa ba. Abin da na gane shi ne abu guda yana da ƙima uku: ta sikeli, wadda maƙeri ke biya, ta mai tarawa, wadda ke bin ƙarancin abu da lafiyar fuskarsa, da ta gida, wadda ke cikin labari. Biyun farko mai saye ne ke yanke su. Ta ukun ba ta shiga ciniki, ana iya sayar da ƙarfen a riƙe ta, in dai an tambaya an rubuta tun masu sani suna da rai.

Saboda haka, ɗan uwa ko ƴar uwa, in irin wannan gwangwani ya faɗo hannunka, ga abin da na koya da tsada. Kama kuɗin ta baki, kar ka danna yatsa a fuskarsa, gumi yana barin tabo. Kar ka kusanto da toka, rairayi, tsamiya, lemun tsami ko man goge haƙori. In ƙasa ce ta maƙale, ruwa mai tsabta ya isa, ka ɗan dafa da tsumma mai laushi har ya bushe, ban da dirza. Naɗe kowane daban cikin takarda ko farin ƙyallen auduga, a wuri busasshe, ban da leda, ban da ɗaurin roba. A auna a gabanka, ka ji ta bakin mai saye fiye da ɗaya, kuma kar tsohuwar shekara ta ruɗe ka. Kafin duk wannan, ka ɗauki kaye da bik ka je wurin wadda ta fi kowa tsufa a gidan, ka ce, “Wannan fa, daga ina?”

A gidanmu ga yadda aka ƙare. Gwaggo ta biya ƴan uwanta rabonsu ta riƙe biyun masu kunne. Na ukun, su uku suka haɗa kuɗin da maƙeri ya faɗa daga aljihunsu aka yi sadaka, liyarin kuma ya koma cikin ƙyallensa, tare da takardar da na rubuta labarin a kai kamar yadda Gwaggo ta faɗa, har da abin da ni na yi masa. Baffa har yanzu bai so na kawo zancen nan cikin wannan ɗan littafi ba, ya ce tonon asiri ne. Gwaggo ta ce in rubuta, in dai ban kama suna ba. Da maganarta na yi aiki, kuma na san in Baffa ya karanta akwai sauran zama tsakaninmu.

Ranar da zan komo Yamai na roƙi Gwaggo ta buɗe mini shi. Gefen gaggafar ya fara yin rawaya-rawaya, in an bar shi zai sake duhu. Zanen sosona dai yana nan a fuskar matar. Gwaggo ta karɓe ta naɗe, ta ce in tashi kar kar ta tafi ta bar ni.